Matan da Suka Ci Tuwo Ɗaya

Ƙamshin ƙanzo ne ya riga tuwon isowa rakuba, rumfar karan da ke tsakar gidan Kaka. Ina zaune bakin tabarma da littafi a cinya, ina jin muciyar Inna tana dukan gindin tukunya can madafa, ina kuma ƙirga matan da ke shigowa suna cire takalma suna gyara tob, mayafinsu. A ranar na ɗauka babu abin da zai ba ni wahala sai ƙirgar.

Ina shekarar ƙarshe a kulliyar noma a Madani, kuma kowane ɗalibi sai ya rubuta bahas, wato littafin bincike, kafin a ba shi takardar shahada. Abokaina sun zaɓi tsutsar auduga da gishirin ƙasa. Ni na zaɓi tuwo. A garinmu, kudu da Mai Wurno kaɗan, dawar fatarita muke tuƙawa tun zuwan kakanni, amma a shekarar mijin Gwaggo ya shuka wani sabon irin dawa a hawasharsa, wato gonar da yake bai wa ruwan tur'a, magudanar ban-ruwa. An ce tana nuna da wuri. Tambayata ita ce ko mata za su so tuwonta kamar yadda suke son na fatarita.

A takarda na tsara abin da kyau. Kowace mace za ta ci loma ɗaya daga wannan, ta kurkure baki, ta ci loma ɗaya daga wancan, ta ba kowanne maki. Da na karanta wa Kaka, mahaifiyar babana, sai ta dube ni kamar na dawo daga Madani da ciwo.

Ta ce, "Loma guda? Tuwo turare ne da za a shinshina a wuce? Sai an ci an ƙoshi, an sha ruwa, an zauna an ji yadda ya kwanta. Wanga karatu naku bai san ciki ba."

Haka aka raba abin kwana biyu. Talata fatarita a gidan Kaka. Na so Alhamis ma a yi a nan, amma Gwaggo, 'yar farin Kaka, ta aiko cewa dawar maigidanta ba marainiya ba ce da za a kai ta gidan wasu a tuƙa. Na yarda, da sharaɗin mai tuƙi ɗaya, tukunya ɗaya, miyar busasshiyar kuɓewa iri ɗaya. Wannan sharaɗin ne ya sa Inna ta ratsa gari da tukunya a ka ranar Alhamis, mutane suna tare ta suna tambayar wa ya haihu.

Makin kuwa da gyaɗa aka ba da shi. Na san ba wadda za ta kushe abinci a idon masu gida, don haka na kafa zana a gefe, na ajiye ƙwarya a bayanta. Kowace mace na ba ta gyaɗa goma, ta shiga ita kaɗai ta zuba gwargwadon daɗin da ta ji, ni kuma in bi bayanta in ƙirga in rubuta a gaban lambarta. Ba suna a littafin, lamba kawai. Kaka ta ce ita ce lamba ɗaya, ba ta kuma tsaya jin ra'ayin kowa ba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shiga bayan zana ta daɗe, ta fito tana karkaɗe ɓawo daga zaninta. Na leƙa ƙwarya, wayam.

"Goma na ba shi, ɗiyata. Suna nan cikina tare da tuwon."

Na sake ba ta goma, na tsaya inda za ta ga inuwata.

Amma matsalar gaske ta fara tun lokacin da aka sauke akusa. Mata suka matso suka wanke hannu, wasu kuwa suka ja da baya, suka rufe baki da gefen tob, suna cewa alhamdu lillahi sun ci a gida. Matan kawunnaina ne, wato matan 'ya'yan Kaka, da tsofaffi biyu da 'ya'yansu ke aure a gidan. Inna da ta tuƙa tuwon da hannunta ta tsaya bakin madafa tana goge ludayin da ya riga ya bushe. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin Inna tana tauna a gaban Kaka ba. Na san wannan kamar yadda na san hanyar kogi. Shekara huɗu a jami'a ne suka sa na zauna na zana jadawali mai layi arba'in ban tuna da surukuta ba.

Kaka ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwan tulu, ta zauna jim kaɗan tana sauraren cikinta. Sannan ta ƙi zuwa bayan zana. Ta kira ni ta zuba mini gyaɗarta goma a tafin hannu, kowa na gani.

"Ki sa ni cikin kitabin nan. Su sani can Madani cewa ni na ba fatarita goma."

Na ce in sha Allahu. Ta ce ba in sha Allahun ma'aikatan hukuma take so ba. Na yi mata alkawari a gaban mutane.

Ranar Alhamis abin ya juya. Kaka ta zo gidan Gwaggo, amma iyakarta gindin dalbejiyar ƙofar gida. Gidan surukinta ne, mijin 'yar fari ma, ko ruwa ba ta sha a nan. Aka kai mata kujera ta zauna tana kallon jakuna. Da yake tana waje, Inna da matan kawunnaina suka ci a ciki hankali kwance, har da ƙari. Su kuma matan 'ya'yan Gwaggo suka ja baya suka rufe baki, wai sun ci a gida.

Da yamma na baje littafin a kan gado na ƙirga. Mata goma sha tara sun ci duka biyun. Takwas sun ci fatarita kaɗai, Kaka a cikinsu. Goma sha ɗaya sun ci sabon iri kaɗai, Inna a cikinsu. Na zana da'ira biyu, ɗaya ta hau gefen ɗaya kamar faifai biyu da aka ajiye cikin gaggawa. Zanen ya yi mini kyau ƙwarai, har na rubuta ɗan baiti a ƙarƙashinsa. Ban san abin da ke jirana ba.

Malamar da ke duba bahas ɗina, wadda muke kira Daktora, Balarabiya ce daga arewacin ƙasar, ba ta jin Hausa, mace mai kirki da ba ta son doguwar magana. Ta duba jadawalin, ta tura tabarau sama.

"Ya bitti, 'yata, mene ne waɗannan ramukan?"

"Wasu ba su ci ba, Daktora."

"To, gwaji biyu aka koya muku a darasin ƙididdiga. Faɗa mini."

Na faɗa. Na farko shi ne a gwada kowace mace da kanta: gyaɗarta ta Talata da gyaɗarta ta Alhamis, a ga bambanci. Amfaninsa shi ne mai rowar maki tana da rowa duka kwanakin, mai kyauta ma haka, don haka halinsu ba ya shiga lissafi, tuwon kaɗai ake aunawa. Sai dai yana buƙatar kowa ta ci sau biyu. Na biyu shi ne a ɗauki matan Talata a matsayin taro ɗaya, matan Alhamis wani taron dabam da bai taɓa haɗuwa da na farko ba, a gwada matsakaicin makinsu.

"Kin iya. Wanne za ki yi?"

"Na biyu, don kowa ya shiga."

"Mata goma sha tara suna nan kuma suna can. Za ki ce wa gwajin baƙin juna ne? Ƙarya za ki yi masa, shi ma ya yi miki. Yi na farko. Waɗanda suka ci sau ɗaya, cire su."

Ta ɗauki jan biro ta fara jan layi daga sama. Layin farko da ta ja a kan lamba ɗaya ne.

Wata Alhamis na hau motar hafila zuwa Sinnar, na sake wata zuwa gida. Duk hanya ina kallon gonakin rake da farar balbela a bakin tur'a ina shirya kalmomi masu taushi. Na samu Kaka tana soya bun jabana a kasko, hayaƙin gahawa ya cika rakuba. Na zauna, na yi gaisuwa mai tsawo fiye da kullum, na tambayi ƙafarta, na tambayi akuyarta. Sai ta ce in faɗi abin da ya kawo ni.

Na yi bayani a hankali. Na ce ba laifinta ba ne, dokar lissafi ce, sai wanda ya ci biyu.

"Wato fidda ni za a yi."

"Ba ke kaɗai ba, Kaka. Har Inna."

"Ita ta sani. Ni mi na yi? Ban ci ba? Ban ƙoshi ba? Wadda ta cinye gyaɗar tana ciki?"

"Tana ciki. Ta ci duka biyun."

Kaka ta sauke kasko. Ta ce wato a Madani ɓarauniyar gyaɗa ta fi ta daraja. Na ce akwai hanya: in karɓo garin sabon irin, Inna ta tuƙa a nan gidan, ita Kaka ta ci a ɗakinta, ta ba ni maki. Sai ta ce:

"A rubuta cikin kitabi, a ajiye a jami'a, jikoki su karanta cewa na zauna na ci dawar mijin waccan har na ba ta maki?"

Ba ta kiran sunan Gwaggo, waccan take cewa. Ta zuba mini jabana a ƙaramin finjali, ba sukari, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga nan kwana biyu ba ta kira ni 'yar jami'a ba kamar yadda ta saba, sai "ke".

Inna ta so taimaka mini. Muna wanke-wanke ta ce fatarita ai ta ci ta fiye da shekara ashirin, in rubuta mata bakwai a huta. Na ce ba a yin haka, sai abin da aka auna a ranar. Ta ce to in rubuta shida. Ta ɗauka ciniki muke yi.

Na koma Madani da jadawali mai jan layi goma sha tara. Saura mako uku a miƙa bahas. Na gwada yin abin da Daktora ta ce, na shigar da mata goma sha tara a na'ura, gwajin ya fito lafiya lau, amma na kasa rubuta babin. Duk lokacin da na dubi lambobin da aka soke, sai in ga mata zaune a gefen tabarma sun rufe baki da tob, kuma ni ce na ƙara tura su baya. Na gwada akasin haka don in ga ƙarshen wautar: na cire masu cin biyu, na gwada takwas da goma sha ɗaya. Kaka ta dawo, Inna ta dawo, rabin gari ya fita.

Sai na yi tunanin ba zai yiwu a ce garinmu kaɗai ke da wannan matsala ba. Dole akwai likitan da ya auna marasa lafiya kafin magani da bayansa, wasu suka zo na farko suka ƙi dawowa, wasu suka zo na biyu kaɗai. Na shiga ɗakin karatu na kwana uku ina bincike a na'ura, da Turancina mai ɗingishi da ƙamus a gefe. A rana ta uku na ga zanen faifaina biyu a cikin wata takarda ta masana ƙididdiga. Na daɗe ina kallonsa kamar na haɗu da 'yar garinmu a tashar mota.

Hanyar ba ta da wuyar fahimta. Ana ɗaukar matsakaicin makin duk wadda ta ci Talata, da na duk wadda ta ci Alhamis, ba a cire kowa. Amma wajen lissafin ko bambancin na gaske ne ko dace ne kawai, ana gaya wa gwajin gaskiya: ga mutum nawa da ke cikin taron biyu, ga kuma yadda makinsu na ranar farko yake tafiya da na rana ta biyu. Idan kowa ya ci biyu, sai ya koma gwaji na farko. Idan ba wadda ta ci biyu, ya koma na biyu. Mu muna tsakiya.

Na kai wa Daktora. Ta karanta tana shan shayi, ta juya shafi, ta koma baya.

"Tayyib. Gwajin yana da kyau. Amma kin karanta sharaɗinsa? Dole rashin cin ya zama ba shi da alaƙa da tuwon. Idan mace ta leƙa akushi ta ga abin bai yi mata ba ta ƙi ci, to waɗanda suka rage masu so ne kaɗai, lissafinki ya karkace. Me ya hana su ci?"

"Kunya, Daktora."

"Kunyar me? Tuwon?"

"Surukai."

Na yi mata bayani. Matar ɗa ba ta ci a gaban uwar miji. Uwa ba ta ci a gidan mijin 'yarta. Uwar matar ɗa ba ta ci a gidan da 'yarta ke aure. Daktora ta ajiye kofi.

"To a biki me kuke yi? Kowa ya zauna da yunwa?"

Na ce ana dai yin bikin. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta mayar da shi ta koma malama.

"Dakata. Kin ce kakarki tana cikin masu cin tsohon iri kaɗai, mahaifiyarki cikin masu sabon. Idan tsofaffi ne duk a wancan gefe, matasa a wannan, to shekaru kike aunawa. Tsohuwa za ta so abin da ta saba."

Wannan ban yi tunaninsa ba. Na roƙi farar takarda, na fara zana wa ke auren ɗan wa, da lambobi, da kibiyoyi. Takarda ɗaya ba ta isa ba, ta ba ni ta biyu, muka manna su da gam. Garinmu ƙarami ne kuma kowa surukin kowa ne, zanen ya fito kamar ragar masunta. Da na gama muka bi shi da yatsa. Cikin takwas ɗin Talata akwai Kaka da tsararta biyu, sauran biyar matan 'ya'yan Gwaggo ne da ƙannensu, wata ma amarya. Cikin goma sha ɗayan Alhamis akwai su Inna, akwai kuma tsofaffin nan biyu da suka ƙi ci a gidan Kaka, da wata da ta girme su. Surukuta ba ta zaɓi tsoho ko yaro ba. Kuma an ɗaura duk auren nan tun kafin mijin Gwaggo ya ji labarin sabon iri.

Daktora ta daɗe a kan zanen. Ta ce ta yarda, da sharaɗi uku. In yi gwajin da ya haɗa kowa. In sa na mata goma sha taran a gefensa don mai karatu ya gwada. In kuma rubuta a fili cewa an yi cin a gida biyu a rana biyu, kuma wannan rauni ne. Ragar auren ma ta ce a sa ta a ƙarshen littafin. Sannan ta ɗauki baƙin biro ta rubuta "a bar su" a gefen jajayen layukanta.

Gwaje-gwajen biyu suka faɗi abu ɗaya: bambancin da ke tsakanin tuwon biyu bai kai wanda za a rantse a kai ba. A ranar kare bahas malamai uku suka yi mini tambaya ɗaya a kan dawa, sauran duk a kan surukai.

Na kai wa Kaka littafin mai baƙin bango da rubutun ruwan zinari. Ta goge hannu a zani kafin ta karɓa. Ba ta karatun boko, amma ta san lambobi saboda waya. Na buɗe mata jadawalin ƙarshe, na ɗora yatsanta a layin farko: ɗaya, goma, sai ɗan gajeren layi a gurbin Alhamis.

"Wanga fa?"

"Yana nufin ba ki ci ba."

"Madalla. Haka za a bar shi." Ta rufe littafin. "To wa ya ci nasara?"

Na ce lissafi bai ga bambanci ba. Ta ce wato sabon ya zo da duk kurinsa bai iya kada fatarita ba, ita dama ta faɗa. Ta sa a dafa jabana, ta zuba mini sukari cokali uku da kanta, ta aika a kira maƙwabciyar da ta cinye gyaɗa don a nuna mata cewa lambarta tana can ƙasa.

Bayan shekara shida, muna tankaɗen gari don bikin autar Gwaggo, na ba matan labarin wahalar da suka ba ni. Gwaggo ta tsayar da rariya ta tambaye ni ko da gaske na ɗauka akwai wadda ta kwana ba ta ci ba. Ranar Talata, da baƙi suka watse, su Inna sun zauna bayan madafa sun share tukunyar fatarita har ƙanzo, an kuma bi tsofaffin nan uku da nasu gida. Ranar Alhamis matan 'ya'yanta da ƙannensu sun yi haka, an kuma bi tsarar Kaka su biyu da nasu. Ita Kaka, da la'asar aka kai mata sabon tuwon a kwano rufe da faifai, ta cinye, ta aiko da safe a ƙaro mata na ɗumame. Duka mata talatin da takwas sun ci tuwon biyu, daga tukunya ɗaya, a ranar da aka tuƙa kowanne.